Dubai Tsakanin Tashoshin Nukiliya Biyu: Yadda Hukuma Ke Kwantar da Hankalin Jama'a

A ranar Talata 9 ga watan Afrilun 2013, gab da la'asar, dogayen benayen birnin Dubai suka yi 'yar girgiza, har sai da aka fitar da ma'aikata daga wasu ofisoshi suka tsaya cirko-cirko a bakin titi. Girgizar ƙasar ta auku ne a can ƙetaren teku, a kudancin Iran, inda ta halaka mutane aƙalla 37 tare da jikkata wasu ɗaruruwa. A Dubai ba wanda ya rasa ransa. To amma da labari ya bazu cewa inda abin ya faru bai wuce kilomita 100 ba daga garin Bushehr, wurin da Iran take da tasharta ta samar da wutar lantarki da makamashin nukiliya, sai hankalin jama'a ya koma kan tashar. Mako guda bayan haka, a ranar 16 ga watan, wata girgizar da ta fi ta farko ƙarfi ta auku kusa da iyakar Iran da Pakistan, aka sake jin ta a Dubai, tambayoyi kuma suka ƙaru.

Birnin Dubai dai, wanda 'yan kasuwar Kano da Maraɗi da Zinder suka daɗe da sanin lungunansa na Deira da Naif wajen saro gwal da yaduka da wayoyin hannu, yana zaune ne tsakanin tashoshin nukiliya biyu. Ta farko ita ce ta Bushehr, kusan kilomita 600 daga arewa maso yamma. Ta biyu kuwa ta gida ce, wato tashar Baraka, wadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta gina a yankin Dhafra na masarautar Abu Dabi, fiye da kilomita 300 daga Dubai, kwatankwacin tazarar Kano da Abuja idan an bi miƙe. Yadda hukumomin ƙasar suke amsa tambayoyin jama'a game da waɗannan tashoshi abu ne da ƙasashe masu niyyar bin sahu, ciki har da Nijeriya, suke da dalilin zuba wa ido.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa mutumin Dubai da tashar da ke nesa da shi haka. Amsar ita ce ruwan sha. Dubai ba ta da kogi, damina kuma ba ta taka kara ta karya ba, don haka kusan duk ruwan da ke fitowa daga famfo na teku ne da aka tace aka cire masa gishiri, akasari a manyan matatun Jebel Ali. Tekun Fasha kuwa ba shi da zurfi sosai, domin a matsakaicin lissafi bai wuce mita 50 ba, kuma ƙofarsa guda ce, wato mashigin Hurmuz, wanda ya sa ruwansa kan ɗauki shekaru kafin ya sabunta. Igiyar ruwan takan bi gaɓar Iran ta nufi arewa, sannan ta juyo ta gangaro ta gaɓar ƙasashen Larabawa. Haka ma iskar da suke kira Shamal, daga arewa maso yamma take kaɗowa zuwa Bahrain da Katar da Daular Larabawa. Idan aka samu tsiyayar burbushin nukiliya a cikin wannan teku, matatun ruwa na iya tsayawa, a yankin da miliyoyin mutane ba su da wata rijiya da za su koma.

Tarihin tashar Bushehr shi kansa ya isa ya sa maƙwabta fargaba. Wani kamfanin Jamus ne ya soma gina ta a 1975, zamanin Sarki Shah, aikin ya tsaya bayan juyin juya halin 1979, sannan jiragen yaƙin Iraƙi suka yi ta kai mata hari a lokacin yaƙin ƙasashen biyu cikin shekarun 1980. A 1995 Rasha ta karɓi kwangilar kammala ta, inda injiniyoyi suka ɗora tukunyar nukiliya ƙirar Rasha a cikin ginin da Jamusawa suka bari. Sai a watan Satumbar 2011 ta fara bai wa ƙasar wuta. Tashar ta fi kusa da biranen Kuwait da Manama da Doha fiye da yadda take kusa da Teheran, kuma tana yankin da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce.

Bayan girgizar 2013, Iran ta shaida wa Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, cewa babu abin da ya sami tashar, kamfanin Rasha da ya gina ta ma ya ce an tsara ta ne yadda za ta jure wa girgizar da ta fi wannan. Ƙasashen Larabawan yankin ba su gamsu ba. Jami'an agajin gaggawa na Majalisar Haɗin Kan Ƙasashen Yankin Tekun Fasha suka yi taro a Riyadh, kuma babban sakataren majalisar na lokacin, Abdullatif al-Zayani, ya buƙaci hukumar IAEA ta tura ƙwararru su duba tashar, ya kuma yi kira ga Iran ta shiga yarjejeniyar duniya kan kiyaye haɗurran nukiliya, wadda a lokacin ita kaɗai ce ƙasa mai tashar wutar nukiliya da ba ta cikinta. Iyakar abin da gwamnatin Daular Larabawa za ta iya yi game da Bushehr ke nan: ta auna iska da ruwa, ta yi tanadi, ta kuma kai ƙorafi Viyana.

Batun tashar Baraka daban ne, domin a nan gwamnati ita ce mai abu, ita ce kuma ake tambaya. A watan Afrilun 2008 ta fitar da takardar manufofinta, inda ta yi alƙawarin gudanar da shirin a fili tare da haɗin guiwar hukumar IAEA. A 2009 ta ƙulla yarjejeniya da Amurka wadda a ciki ta haƙura da tace sinadarin yuraniyom da kuma sake sarrafa makamashin da aka riga aka yi amfani da shi, hanyoyi biyun da ake bi wajen ƙera bam. A wannan shekarar ce aka kafa hukumar tarayya mai sa ido kan harkokin nukiliya, FANR, aka kuma ɗauko William Travers, wani tsohon babban jami'in takwararta ta Amurka, ya shugabance ta. A ƙarshen watan Disambar 2009 aka bai wa gungun kamfanonin Koriya ta Kudu ƙarƙashin jagorancin KEPCO kwangilar kimanin dala miliyan dubu 20 domin gina tukwane huɗu ƙirar APR-1400, masu ƙarfin megawat 5,600 a jimlace. Bugu da ƙari aka naɗa kwamitin mashawarta na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin Hans Blix, ɗan ƙasar Suwidin wanda ya daɗe yana shugabancin hukumar IAEA.

Ba a kai ga aza harsashi ba sai ga bala'in Fukushima na Japan a ranar 11 ga watan Maris na 2011. Jamus ta yanke shawarar rufe tashoshinta, Kuwait ta janye daga nata shirin, amma Abu Dabi ta ci gaba. Hukumar FANR ta umarci kamfanin gwamnati mai tashar, ENEC, ya sake nazarin tsarin ginin bisa darussan Japan, musamman abin da zai faru idan wuta ta ɗauke gaba ɗaya ko teku ya yi ambaliya. Bayan haka ne ta ba da lasisin gini a watan Yulin 2012. A shekarar ce kuma aka kafa dokar biyan diyya, wadda ta ɗora alhakin duk wata ɓarna a kan kamfanin da ke tafiyar da tashar.

An shirya tukunya ta farko ta soma aiki a 2017, amma hakan bai yiwu ba. Tashar Shin Kori ta Koriya, wadda ita ce ake koyi da ita, ta yi jinkiri bayan da a 2012 da 2013 aka bankaɗo cewa an yi ta amfani da takardun shaidar inganci na jabu wajen sayen kayayyakin wasu tashoshin ƙasar. A Baraka kuma an gama gini amma ma'aikatan kamfanin Nawah, wanda aka kafa don tafiyar da tashar, ba su kammala samun horon da ake buƙata ba. Hukumar FANR ta riƙe lasisin aiki har zuwa 17 ga watan Fabrairun 2020, bayan ta ce ta yi nazarin takardun neman izini masu shafuka 14,000, ta kuma gudanar da bincike fiye da sau 185. Magoya bayan shirin sukan kafa hujja da wannan jinkiri na kusan shekaru uku, suna cewa ya nuna hukumar na iya ce wa gwamnatin da ta kafa ta a dakata. Tukunyar farko ta kama aiki a watan Agustan 2020, ta huɗun kuma ta shiga aikin kasuwanci a watan Satumbar 2024, inda kamfanin ENEC ya ce tashar na samar da kashi 25 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha.

To sai dai kuma akwai lokutan da alƙawarin yin komai a fili ya gamu da jarrabawa. A 2017 an gano gurabe a cikin kankaren ginin da ke lulluɓe da tukunya ta uku, daga baya aka ga irinsu a ta biyu. Wannan gini shi ne katanga ta ƙarshe da ke hana tururin nukiliya fita waje idan haɗari ya auku. Jama'a ba su ji labarin ba sai a ƙarshen 2018, kuma ta bakin 'yan jaridar ƙetare da 'yan majalisar dokokin Koriya ta Kudu ya fara fitowa sosai, kafin kamfanin ENEC ya fitar da sanarwa cewa ana gyara a ƙarƙashin kulawar hukumar FANR, kuma lamarin ba zai shafi amincin tashar ba. An yi gyaran, an kuma ba tukwanen biyu lasisi daga baya. Amma masu sukar lamirin shirin sun riƙe batun jinkirin sanarwar, suna tambayar ko da za a ji labarin idan ba don majalisar Koriya ba.

Jarrabawa ta biyu ta zo ne daga Yaman. A ranar 3 ga watan Disambar 2017 'yan tawayen Huthi suka yi iƙirarin harba makami mai linzami kan tashar Baraka, wadda a lokacin ba a zuba mata makamashi ba. Cikin sa'o'i kaɗan hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙaryata ta kafar kamfanin dillancin labarai na gwamnati, WAM, tana mai cewa ƙasar na da garkuwar sama da za ta iya tare kowace barazana. Ba a ga alamar makamin ya iso ba. Amma a ranar 17 ga watan Janairun 2022 'yan Huthin suka kai hari kan wata ma'ajiyar man fetur a unguwar Musaffah ta Abu Dabi, mutane uku suka mutu, dukansu baƙi 'yan ci-rani daga Indiya da Pakistan. Daga ranar, batun kai hari daga sama ya zama abin da ba a iya kawar da kai daga gare shi.

Ƙorafi mafi ƙarfi daga Katar ya fito. A watan Maris na 2019, lokacin da Saudiyya da Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ita, Katar ta rubuta wa shugaban hukumar IAEA na lokacin, Yukiya Amano, cewa tashar Baraka babbar barazana ce ga zaman lafiyar yankin da muhallinsa. Kamar yadda kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito, wasiƙar ta ce idan haɗari ya auku tururin zai iya isa Doha cikin sa'o'i 5 zuwa 13, alhali babu wani shiri na haɗin guiwa tsakanin maƙwabtan don tinkarar haka. Baraka ta fi kusa da Doha fiye da birnin Abu Dabi. Wakilin Daular Larabawa a hukumar IAEA, Hamad al-Ka'abi, ya mayar da martani cewa shirin ƙasarsa ya dace da ƙa'idojin hukumar da na duniya. Abin lura shi ne irin maganar da Daular Larabawa da ƙawayenta suka yi wa Iran a 2013, ita ce Katar ta maimaita musu bayan shekaru shida. An sasanta rikicin a taron Al-Ula na watan Janairun 2021.

A ƙarshen 2019 wani masani a Birtaniya, Dokta Paul Dorfman, ya wallafa rahoton da ya ce ƙirar da aka gina a Baraka ba ta da wasu kariyoyi da Koriya ta ƙara a ƙirar da ta tsara wa kasuwar Turai, kamar kaskon da ke tare makamashi idan ya narke ya huda tukunya, da kuma ƙarin katanga don jure faɗowar jirgin sama. Hukumomin ƙasar sun amsa da cewa tashar ta cika sharuɗɗansu, sun kuma yi nuni da tawagogin hukumar IAEA da suka yi ta zuwa bincike. A 2019 ɗin ne kuma hukumar sa ido ta Amurka ta amince da ƙirar APR-1400.

Ta fuskar shirin ko-ta-kwana, gwamnati ta kashe kuɗi mai yawa. Hukumar FANR na da na'urorin auna tururi a sassa daban-daban na ƙasar, waɗanda ke aiki dare da rana, tana kuma ɗibar samfurin ruwan teku da ƙasa da kifi da dabino don gwaji. A ranakun 26 da 27 ga watan Oktoban 2021 ƙasar ta karɓi baƙuncin atisayen hukumar IAEA mafi girma, wanda ake yi sau ɗaya a cikin 'yan shekaru, inda aka kwaikwayi mummunan haɗari a Baraka na tsawon sa'o'i 36, tare da ƙasashe fiye da 70. Game da ruwa kuwa, a farkon 2018 aka kammala wata ma'ajiya a ƙarƙashin hamadar Liwa mai ɗaukar lita miliyan dubu 26 na tataccen ruwa, wadda aka ce za ta ishi mutane miliyan ɗaya na tsawon kwanaki 90. Shirin wadata ƙasa da ruwa na zuwa 2036 ya tanadi ajiyar kwanaki 2 a lokacin zaman lafiya, 16 a lokacin gaggawa, da 45 idan abin ya yi tsanani. Mazauna ƙasar kuwa sun haura miliyan 10.

Shekarar 2025 ta gwada waɗannan shirye-shirye. Tun a watan Maris, Firayim Ministan Katar, Sheikh Muhammad bin Abdurrahman Al Thani, ya faɗa a wata hira cewa idan aka kai hari kan tashar nukiliyar Iran da ke bakin teku, ruwan zai gurɓata, kuma bisa wani lissafi da suka taɓa yi ƙasarsa za ta rasa ruwan sha cikin kwanaki uku. A ranar 13 ga watan Yuni Isra'ila ta soma kai hare-hare kan Iran. A ranar 19 ga watan wani kakakin sojan Isra'ila ya ambaci Bushehr cikin wuraren da aka kai wa hari, daga baya rundunar ta ce kuskure ne. Washegari shugaban hukumar IAEA, Rafael Grossi, ya gargaɗi Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa bugun tashar kai tsaye zai iya sakin tururi mai yawan gaske, har ya kai ga kwashe mutane da taƙaita abinci a tazarar ɗaruruwan kilomita. Majalisar ƙasashen yankin ta sa cibiyarta ta agajin gaggawa da ke Kuwait cikin shiri. Bayan da Amurka ta kai hari kan Fordo da Natanz da Isfahan a ranar 22 ga watan, hukumar FANR ta sanar cewa tana bin lamarin tare da hukumar IAEA, babu wani tasiri a kan Daular Larabawa, ta kuma roƙi jama'a su dogara da majiyoyin hukuma kawai.

Wannan roƙo na ƙarshe yana da doka a bayansa. Dokar yaƙi da jita-jita da laifuffukan intanet ta 2021, wadda ta soma aiki a watan Janairun 2022, ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara guda da tarar dirhami 100,000 ga mai yaɗa labarin ƙarya ko wanda ya saɓa wa sanarwar hukuma, hukuncin kuma yakan ninka a lokacin annoba ko bala'i. Gwamnati na ganin haka ne ke hana firgici a birnin da arzikinsa ya dogara da baƙi da masu zuba jari. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa suna cewa dokar na rufe bakin masu tambaya. A ƙasar babu jam'iyyun siyasa, ba a yin zanga-zanga, majalisar tarayya mai kujeru 40 ta ba da shawara ce, rabin wakilanta naɗa su ake yi. Kamfanin ENEC yakan shirya tarurrukan wayar da kai, musamman a garuruwan Dhafra, yakan kuma wallafa ƙuri'ar jin ra'ayi da ke nuna goyon baya mai yawa. Sai dai irin muhawarar da aka yi a Jamus ko Japan ko ita kanta Koriya ta Kudu, inda ƙungiyoyi masu zaman kansu ke auna tururi da na'urorinsu su ƙalubalanci alƙaluman gwamnati, ba a yin ta a nan.

Akwai kuma batun harshe. Kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne, kuma sanarwar hukuma galibi da Larabci da Ingilishi take fita. Lebura daga Bangaladash ko ɗan kasuwa daga Kantin Kwari da ya zo na mako biyu zai fi saurin jin labari daga saƙon murya a WhatsApp fiye da shafin WAM. Masana harkar agajin gaggawa sun daɗe suna cewa umarnin farko a irin wannan haɗari mai sauƙi ne: a shiga ɗaki, a rufe tagogi, a kashe na'urar da ke jawo iska daga waje, kada kuma a sha ƙwayar aidin sai hukuma ta ce a sha. Amfanin umarnin ya dogara ne da isarsa kunnen mutane a kan lokaci da kuma yardarsu da mai faɗa. A Chernobyl a 1986, sai bayan kimanin sa'o'i 36 aka kwashe mutanen garin Pripyat, duniya kuma ba ta ji labari ba sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka nuna alama bayan kwana biyu. Daga wannan ne aka ƙulla yarjejeniyar sanar da maƙwabta da wuri, wadda Daular Larabawa ke cikinta.

Ga masu karatu a Afirka ta Yamma, maganar ba ta nesa ba ce. A taron sauyin yanayi da aka yi a Dubai a ƙarshen 2023, ƙasashe fiye da 20, ciki har da Ghana, sun yi alƙawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050, Nijeriya kuma ta shiga sahunsu a taron Baku na 2024. Tun 2004 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, kuma an taɓa ayyana Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a gina manyan tashoshi, inda wasu shugabannin al'ummar Akwa Ibom suka fito fili suka ce ba su yarda ba. A Nijar ma mutanen Arlit sun shafe shekaru suna kokawa kan ƙurar ma'adinan yuraniyom da ruwan shansu. Jami'an da ke zuwa Abu Dabi koyon darasi za su tarar da hukumar sa ido da ta riƙe lasisi kusan shekaru uku, da dokar diyya, da atisaye, da ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin hamada. Za su kuma tarar da labarin guraben kankaren da aka gano a 2017 amma jama'a ba su ji ba sai bayan fiye da shekara guda. Lasisin da aka bai wa kowace tukunya a Baraka na shekaru 60 ne, kuma makamashin da aka gama amfani da shi ana ajiye shi a cikin tafkunan sanyaya da ke harabar tashar, kafin a mayar da shi busasshiyar ma'ajiya.